Hoto Ya Yi Dishi-Dishi: A Binciki Dalili Kafin A Ɗora Wa Gilashi Laifi

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau, akan ga samari sun jeru a gefen hanya riƙe da kyamarori masu dogon baki, kowa na neman ya kama mahayi a daidai lokacin da ya zaburo ya ɗaga mashi don yin jahi. Da yawa daga cikinsu sun daɗe suna tari kafin su mallaki gilashin nan mai jawo nesa kusa, wanda masu sana'ar hoto ke kira zum. To amma idan aka koma gida aka buɗe hotunan a kwamfuta, sai murna ta koma ciki. Ga doki, ga mahayi, ga rawani da alkyabba, amma komai ya fito dishi-dishi, kamar an kalle shi ta cikin hawaye. Nan take sai a yanke hukunci. Wani ya ce gilashin jabu ne, wani ya ce ɗan gwanjo ne ya gaji, wani kuwa ya nufi rumfar mai gyara domin a kwance a wanke.

Wannan gaggawa tana jawo asara iri biyu. Ta farko ta aljihu ce, domin zum yakan ƙunshi gilasai fiye da goma da aka jera a bututu ɗaya bisa awo mai tsananin daidaito, kuma idan wanda ba shi da kayan awo ya kwance shi, da wuya ya iya mayar da shi yadda yake. Sau da yawa lafiyayyen gilashi kan shiga wurin gyara ya fito da ciwon da bai shiga da shi ba. Asara ta biyu ta ilimi ce, kuma ita ce mafi girma, domin hoton da ya ɓaci yana ɗauke da shaidar abin da ya ɓata shi, kuma wanda ya goge shi cikin fushi ya zubar da darasin fiziks da ya fi na allo armashi. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa gilashi shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, kuma hanyar da ake bi a gano musabbabin dishi-dishin hoto ita ce ainihin hanyar binciken kimiyya. Saboda haka ya dace malaman sakandare su shigo da ita cikin aji.

Aikin dogon gilashi

Kowane gilashin kyamara yana da lamba a jikinsa da ake aunawa da milimita, alal misali 50, ko 70 zuwa 300 idan zum ne. Lambar nan tana nuna tazarar da gilashin ke buƙata kafin ya tattara hasken abu mai nisa a ɗigo ɗaya a kan fim, ko a kan sansa, wato faifan da ya maye gurbin fim a kyamarorin yanzu. Idan lambar ta ƙaru, filin da ake gani sai ya ragu, abin da ke cikinsa kuma ya girma. A kyamarar da faɗin sansarta ya kai milimita 36, gilashi mai milimita 50 yana ganin fili mai faɗin kusan digiri 40, shi kuwa mai milimita 300 bai fi digiri 7 yake gani ba. Ke nan abin da ake kallo ya ninka girmansa sau 6. Dabarar ba ta yau ba ce. Thomas Dallmeyer na Ingila ya yi rajistar gilashin jawo nesa tun a 1891, sannan a 1959 kamfanin Voigtländer na Jamus ya fitar da Zoomar, zum na farko na kyamarar hoto mai fim ɗin milimita 35.

Abin lura a nan shi ne gilashi ba ya zaɓe. Ƙarfin da ya ninka girman doki sau 6, shi ne zai ninka rawar hannun mai ɗauka sau 6, ya kuma fito da duk wata ƙura da ke tsakanin kyamara da doki. Tun zamanin fim, masu ƙera kyamara sun ɗauki kimanin milimita 0.03 a matsayin iyaka. Idan ɗigon haske ya bazu a kan fim bai wuce wannan faɗi ba, ido zai gan shi tangaran a hoto mai matsakaicin girma, idan kuwa ya wuce, dishi-dishi ya fara. Mai karatu ya riƙe wannan lamba, domin da ita za a auna waɗanda ake tuhuma. Su biyar ne, kuma kowanne yana barin sawunsa daban a jikin hoto.

Na farko: hannun mai ɗauka

A cikin kyamara akwai labule da ake kira shata, wanda ke buɗewa haske ya shiga ya kuma rufe. Duk motsin da aka yi a ɗan lokacin da yake buɗe sai ya rubutu a hoto. Babu hannun ɗan Adam da ba ya rawa, domin numfashi da bugun zuciya kaɗai sun isa su girgiza shi. A ƙaddara kyamara ta karkace da kashi ɗaya cikin goma na digiri yayin da labulen ke buɗe. Da gilashin milimita 50, hoton zai gusa da kusan milimita 0.09 a kan sansa. Da na milimita 300 kuwa, zai gusa da fiye da rabin milimita, wato ya ninka iyakar nan kamar sau 17.

Wannan ne ya sa tsofaffin masu hoto suka kafa ƙa'idar cewa kada lokacin buɗewar labule ya wuce ɗaya bisa tsawon gilashi. Mai amfani da milimita 300 kada ya yi jinkirin da ya wuce 1/300 na sakan. Idan kyamarar mai ƙaramar sansa ce, irin wadda ke ƙara jawo abu sau 1.5, to sai a koma 1/500. Sawun rawar hannu a bayyane yake: komai na cikin hoton, na kusa da na nesa, ya ja zuwa gefe guda, ƙananan ɗigon haske sun zama gajerun layuka, wani lokaci ma gefen abu ya fito biyu. Maganinsa shi ne a ƙara saurin labule, a ɗaga lambar ISO idan haske ya yi kaɗan, a jingina da bango, ko a ɗora kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku. A 1995 kamfanin Canon ya fitar da zum mai milimita 75 zuwa 300 da ke da na'urar rage girgiza a cikinsa, kuma yanzu irin wannan na'ura ta yawaita. Tana taimako ƙwarai, sai dai hannu take riƙewa, ba ta da iko a kan doki.

Na biyu: motsin abin da ake ɗauka

Dokin da ke sukuwa da gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a kowane sakan. Idan labule ya buɗe na 1/250 na sakan, dokin ya riga ya gusa da fiye da santimita 4. A ce yana gilmawa ne a tazarar mita 30, kuma gilashin mai milimita 300 ne. A wannan tazara siffarsa a kan sansa kashi ɗaya ce cikin ɗari na girmansa, saboda haka za ta gusa da milimita 0.44, kusan ninki 15 na iyaka. Sai an kai saurin labule 1/2000 kafin gusawar ta sauko kusan milimita 0.06. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗalibin aji huɗu ba, amma rashin yin sa ya sa an zargi gilasai da yawa ba da haƙƙinsu ba. Sawun wannan matsala shi ne bango da 'yan kallo su fito garau, doki kaɗai ya yi dishi-dishi, musamman ƙafafunsa. Gilashin da ya fito da zanen jikin bango tangaran ai ya riga ya wanke kansa.

Na uku: saiti

Gilashi ba ya iya fito da abu na kusa da na nesa tangaran a lokaci guda. Akwai tazara ɗaya da aka saita shi a kanta, sai ɗan wuri gabanta da bayanta da ido ke yarda da shi. Faɗin wannan wuri ya danganta da tsawon gilashi, da nisan abu, da kuma girman ƙofar haske, wato kafar da ke tsakiyar gilashin wadda ake iya buɗawa ko tsukewa. Ana nuna girmanta da lambobi irin su f/5.6 da f/8 da f/22, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idan aka saita gilashin milimita 50 a kan mutumin da ke tazarar mita 10, ƙofa tana f/5.6, to duk abin da ke tsakanin mita 6 da kusan mita 30 zai fito da kyau. Idan aka koma milimita 300 ba tare da canza komai ba, wurin sai ya tsuke ya koma kimanin santimita 37, bai kai kamu ɗaya ba. Tsakanin hancin doki da fuskar mahayinsa kuwa akwai mita ɗaya ko fiye. Idan saiti ya kama hanci, fuska ta tafi.

Tun da Minolta ya fitar da kyamararsa mai lamba 7000 a 1985, wadda ta yaɗa saitin da na'ura ke yi da kanta, mutane suka sakar wa na'ura wannan aiki. Amma na'ura ba ta san abin da ke zuciyar mai ɗauka ba, sau da yawa abin da ya fi kusa ko ya fi zane take kamawa, ko da kan ɗan kallo ne. Sawun kuskuren saiti shi ne a sami wani abu da ya fito tangaran a cikin hoton, gaba ko bayan wanda aka nufa. Mai bincike ya nemi wannan wuri, idan ya same shi, to gilashi lafiyarsa ƙalau. Gyaran shi ne a umarci kyamara ta yi saiti da ɗigo ɗaya, a ɗora ɗigon a kan fuskar mahayi. Haka kuma a fara jawo abu tukuna sannan a yi saiti, domin zum da yawa saitinsu kan goce idan aka murɗa su bayan an saita.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da kyamarori masu madubi a ciki. A cikinsu ma'aunin saiti yana wuri daban da sansa, kuma idan tazarar biyun ta ɗan saɓa, kullum saiti zai riƙa faɗawa gaba kaɗan ko baya kaɗan. Ana gane wannan ta hanyar jingina rula a karkace, a saita a kan lamba ɗaya, sannan a duba lambar da ta fi fitowa a hoton. Yawancin manyan kyamarorin wannan rukuni suna da wurin daidaita kuskuren ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Kyamarori marasa madubi kuwa a kan sansar kanta suke auna saiti, shi ya sa matsalar ta yi ƙaranci a cikinsu.

Na huɗu: iskar da ke tsakani

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa, alhali a ƙasar Hausa ya fi ko'ina tasiri. Tsakanin mai hoto da giwar da yake hange a Yankari, ko tsuntsun da ya sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, akwai ɗaruruwan mitoci na iska, kuma dole haske ya ratsa ta kafin ya iso gilashi. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ƙurar nan tana warwatsa haske, sai baƙi ya koma toka-toka, launi ya kode, gefen abu ya ɓace. Hazon da ke hana jirgin sama sauka ba zai ƙyale kyamara ba.

Idan hunturu ya wuce kuma sai zafin bazara. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa tana ɗumama iskar da ke kanta, iska mai zafi tana tashi tana cakuɗa da mai sanyi. Da yake haske yana ɗan lanƙwasa duk lokacin da ya tsallaka daga iska mai zafi zuwa mai sanyi, hanyarsa sai ta riƙa rawa. Wannan ita ce kawalwalniyar da matafiyi ke hangowa a kan kwalta da tsakar rana, kuma ita ce ke sa taurari ƙyaftawa da dare. Saboda gudun ta ne masana taurari ke gina na'urorin hangen nesa a kan tsaunuka irin su Mauna Kea na tsibirin Hawai, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Dogon gilashi yana ninka wannan rawa kamar yadda yake ninka komai. Sawunta shi ne layukan da suke a miƙe, kamar turakun lantarki da gefen gini, su fito a karkace kamar igiya, abu na kusa ya yi kyau na nesa ya narke, hoton safe ya fita na azahar ya lalace. Ko ɗaukar hoto ta saman murfin injin mota mai zafi yana haddasa haka. Babu gilashin da ke maganin wannan komai tsadarsa. Maganin shi ne a yi sammako, ko a jira bayan an ɗauke ruwan sama, ko a matsa kusa.

Na biyar: gilashin kansa

Sai an sallami waɗannan huɗu sannan a waiwayi gilashi, kuma ko a nan ma a fara da abin da ke manne da shi. Mutane da yawa suna ɗaura wa bakin zum wani siririn gilashi mai araha don kariya, kuma idan ba shimfiɗaɗɗe ba ne sosai, dogon gilashi zai fito da aibinsa. A cire shi a gwada. Maiƙon yatsa yana dusashe hoto fiye da 'yar ƙura, raɓa kan kwanta a gilashin da aka fito da shi daga ɗaki mai sanyi zuwa waje mai laima, sannan funfuna kan tsiro a cikin wanda aka adana a wuri mai danshi da damina.

Bayan haka akwai iyakar da halitta ta gindaya. Hasken da ya bi ta gefen gilashi mai doro ba ya haɗuwa a wuri ɗaya da wanda ya bi ta tsakiya. Masu ƙira suna rage wannan ta hanyar haɗa gilasai iri-iri, amma a zum dole su yi sulhu tsakanin gajeren tsawo da dogo, shi ya sa zum masu sauƙin kuɗi da yawa suka fi rauni a ƙarshen tsawonsu idan ƙofa na buɗe gaba ɗaya. Tsuke ƙofar daga f/5.6 zuwa f/8 yana toshe hasken gefe, sai hoto ya gyaru. Amma idan aka zarce, wata matsala ce ke jira, domin haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. George Airy, masanin taurari na Ingila, ya yi lissafin wannan a 1835. Da koren haske, ɗigo yakan bazu zuwa kimanin milimita 0.011 a f/8, amma a f/22 sai ya kai milimita 0.03, wato iyakar nan tun kafin hannu ya yi rawa. Saboda haka alheri yana tsakiya, wajen f/8 zuwa f/11. Shi kuwa zum ɗin yawancin wayoyin hannu, idan ya wuce ƙarfin gilashinsa, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa, ba ya ƙara komai.

Ciwon gaskiya yana da tasa alama. Idan zum ya faɗi ƙasa, ɗaya daga gilasan ciki na iya gocewa, sai gefe ɗaya na hoto ya riƙa dusashewa kullum. A ɗauki hoton abu ɗaya sau biyu, na biyun a kifa kyamara kanta ya koma ƙasa. Idan dusashewar ta bi gefen kyamara ta bar gefen abin da ake ɗauka, hujja ta tabbata, kuma a nan ne ya halatta a nemi ƙwararren mai gyara.

Tsarin gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji masu iya magana, amma gwajin ma yana da ƙa'ida, ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane karo. A manna shafin jarida a bango da safe, a tazarar kamar mita 10. Bango ba ya motsi, iskar safe a wannan tazara ba ta da tasiri, ke nan an sallami biyu. A ɗora kyamara a kan ƙafa uku ko a kan buhun yashi, a sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan sakanni, an sallami hannu. A yi saiti da hannu ta hanyar girmama rubutun a allon bayan kyamara, an sallami na'urar saiti. Sannan a ɗauka a f/5.6 da f/8 da f/11 da f/22, ana rubuta kowanne a littafi. Idan rubutun jaridar ya fito tangaran ko da a ɗaya daga ciki, gilashi ya kuɓuta. Daga nan sai a riƙa dawo da waɗanda aka sallama ɗaya bayan ɗaya, har a ga wanda dawowarsa ta dawo da dishi-dishi. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko da hoton ya gyaru, bai san abin da ya gyara shi ba, gobe ma zai sake faɗawa ramin.

Darasin Hubble

Mai ja da wannan magana zai ce ai wani lokaci kayan aikin ne da laifi. Gaskiya ne, kuma babu misalin da ya fi na na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda Amurka ta harba sararin samaniya ranar 24 ga Afrilu, 1990, bayan an kashe mata fiye da dala biliyan ɗaya. An kai ta can ne domin ta kuɓuta daga rawar iskar duniya, amma cikin watanni biyu aka tabbatar hotunanta dishi-dishi suke fitowa. Madubinta mai faɗin mita 2.4 ya yi shimfiɗar da ta wuce kima a gefe, da kimanin kashi 2 cikin dubu na milimita, wato kusan kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin kai. Hasken gefe da na tsakiya suka ƙi haɗuwa a wuri ɗaya, irin ciwon nan da aka ambata a zum.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Lew Allen ya gano cewa na'urar da aka auna madubin da ita lokacin gogarsa tana da gilashin da ya goce daga mazauninsa da milimita 1.3. Abin takaici, wasu na'urorin awo guda biyu sun nuna kuskuren tun madubin yana ƙasa, amma aka yi watsi da sakamakonsu domin an fi amincewa da ta farkon. Yadda aka yi gyaran ma abin koyi ne. Masana sun zauna sun nazarci siffar dishi-dishin taurari a hotunan da suka ɓaci, daga nan suka lissafa girman kuskuren, aka ƙera ƙananan madubai masu kishiyar kuskuren, kamar yadda likitan ido ke yanka wa mutum tabarau. A Disamba 1993 'yan sama jannatin kumbon Endeavour suka ɗaura su, Hubble ta fara gani garau. Ke nan ko a inda kayan aiki ke da laifi, watsi da sakamakon gwaji ne ya haifar da asarar, kuma karanta gurɓataccen hoto da natsuwa ne ya kawo waraka.

Rabon makarantu

Malami na iya cewa makarantarsa ba ta da kyamara, balle zum. Amma ƙa'idojin nan ba sa buƙatar kaya masu tsada. A ba ɗalibi ƙaramin madubi ya haska rana a bango na kusa, sannan ya haska a bango mai nisa, zai ga ɗigon hasken ya fi rawa a mai nisa alhali hannun ɗaya ne, kuma wannan shi ne sirrin rawar dogon gilashi. A sa gilashin girmama rubutu ya jefa siffar taga a kan farar takarda, sannan a rufe shi da kwali mai ƙaramin rami a tsakiya, siffar za ta rage haske amma ta ƙara fitowa, kuma wannan shi ne aikin ƙofar haske. A kalli rubutun allo ta saman kaskon gawayi mai ci, ga kawalwalniya a cikin aji. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya kalli rana ta cikin gilashi ko madubi, domin tana ƙona ido. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa ya gina ilimin haske da duniya ta daɗe tana amfana da shi.

Wani malamin zai ce lokaci bai isa ba, ga jarrabawa a gaba. Amsa ita ce lanƙwasar haske da gilasai da kyamara duk suna cikin manhajar fiziks ta WAEC da NECO. Ɗalibin da ya haddace 1/u + 1/v = 1/f ba tare da ya taɓa matsar da gilashi ya ga siffa ta fito ta ɓace ba, zai manta da ita kafin ya bar ɗakin jarrabawa. Wanda kuwa ya lissafa gusawar doki da kansa ya haɗa fiziks da lissafi a kan abin da ya taɓa gani da idonsa. Ba a musun cewa gilashi mai tsada ya fi mai araha. Sai dai a hannun wanda bai san ƙa'idar labule ba, ko a tsakiyar hazon Janairu, su biyun hoto iri ɗaya za su bayar.

Kammalawa

Maganar ta wuce hoto. Ɗabi'ar da ke sa saurayi ya zargi gilashi kafin ya gwada, ita ce ke sa makanike ya yi ta canza kayan inji har aljihun mai mota ya ƙare, ita ce kuma ke sa a sha maganin maleriya a kan kowane zazzaɓi ba tare da an auna jini ba. Al'ummar da ke son injiniyoyi da likitoci na ƙwarai sai ta koya wa 'ya'yanta tun suna sakandare su tambayi alama, su ware dalilai, su canza abu ɗaya, su rubuta abin da suka gani, su kuma yarda da sakamako ko da ya nuna laifin daga hannunsu yake. Ga ɗalibi, duk ranar da hoto ya ɓaci ya ajiye shi ya dube shi da kyau: komai ne ya ja gefe guda, ko doki kaɗai, ko akwai wurin da ya fito tangaran, ko layuka ne suka karkace. Ga malami kuwa, madubi ɗaya da gilashin girmama rubutu da kaskon gawayi sun isa a buɗe darasin a mako mai zuwa.